Max Schubert

Max Edmund Schubert (9 ga Fabrairu, 1915 – 6 ga Maris, 1994) ɗan ƙasar Ostareliya ne, masanin haɗa giyar inabi, wanda ya yi kusan dukkan rayuwarsa ta aiki a kamfanin Penfolds da ke jihar Ostareliya ta Kudu. Shi ne babban mai haɗa giya na kamfanin daga 1948 zuwa 1975. An fi saninsa da ƙirƙiro Grange, jar giyar inabi mai ƙarfi da kauri wadda ya fara gwajinta a 1951 da inabin Shiraz. Shugabannin kamfanin sun ƙi giyar bayan sun ɗanɗana ta, suka ba shi umarnin ya daina yin ta a 1957, amma ya ci gaba da haɗa ta a ɓoye har shekara uku. Daga baya Grange ta zama giyar Ostareliya da ta fi kowace suna a duniya, kuma ana yawan kawo labarinta a matsayin misali na yadda hukuncin masu ɗanɗano ke iya sauyawa idan giya ta kwana biyu a kwalba.

Asali da ƙuruciya

An haifi Schubert a ƙauyen Moculta, kusa da garin Angaston, a gefen kwarin Barossa da ke arewa maso gabashin birnin Adelaide. Iyalinsa na cikin zuriyar Jamusawa mabiya ɗariƙar Luther waɗanda suka yi ƙaura daga yankunan Prussia da Silesia suka zauna a Barossa tun daga 1842. Waɗannan baƙi sun riƙe harshensu da cocinsu tsawon zamani, kuma su ne suka dasa yawancin gonakin inabi na farko a kwarin. Mahaifinsa maƙeri ne. Yana ƙarami iyalin suka koma Nuriootpa, ɗaya daga cikin manyan garuruwan Barossa, inda ya yi makaranta. Bai yi nisa a karatun boko ba, domin ya bar aji tun yana matashi ya shiga neman aiki, a daidai lokacin da karayar tattalin arzikin duniya ta farkon shekarun 1930 ta addabi ƙasar.

Shigarsa Penfolds

Kamfanin Penfolds ya samo asali ne a 1844, lokacin da wani likita ɗan Ingila, Christopher Rawson Penfold, da matarsa Mary suka sauka a Magill, a gindin duwatsun gabashin Adelaide. Sun dasa inabi a kewayen ɗan gidansu, wanda suka sa wa suna The Grange. Likitan yana ba marasa lafiya giyar a matsayin magani, Mary kuwa ita ce ta riƙe gona da harkar haɗawa, ta kuma faɗaɗa kasuwancin bayan rasuwar mijinta a 1870.

Schubert ya shiga reshen kamfanin na Nuriootpa a 1931 a matsayin ɗan aike. Yana share wuri, yana kula da dawakai, yana kai samfurin giya ɗakin gwaje-gwaje. A nan ne ya fara koyon auna sukari da tsami. Bayan 'yan shekaru aka mayar da shi Magill, inda ya yi aiki a ƙarƙashin Alfred Vesey, gwanin gauraya giya na kamfanin, wanda ya koya masa rarrabe ƙamshi da ɗanɗanon ganga ɗaya daga wata. Ya kuma riƙa halartar darasin ilmin sinadarai bayan tashi daga aiki a makarantar koyon haƙar ma'adinai ta Adelaide.

A wancan zamani mafi yawan giyar da Ostareliya ke yi mai zaƙi ce wadda ake ƙara wa barasa, irin ta Port da Sherry. Ita ce ake saye a cikin gida, ita ce kuma ake kaiwa Ingila. Giyar da ake sha da abinci, wadda ba ta da zaƙi, kasuwarta ƙarama ce, kuma tana yawan lalacewa saboda zafin ƙasar. Wani masanin sinadarai na kamfanin, Ray Beckwith, ya gano a 1936 cewa idan aka kula da ma'aunin pH na giya, aka daidaita tsaminta, ƙwayoyin bakteriya ba sa samun damar ɓata ta. Penfolds ya ɓoye wannan sani daga abokan gasa shekaru da yawa. Ba don shi ba, da wuya Schubert ya iya yin giyar da za a ajiye shekara 20 ba ta juya ba.

Yaƙin Duniya na Biyu

A 1940 Schubert ya shiga rundunar sojan Ostareliya. Ya yi yaƙi a Arewacin Afirka da Girka da tsibirin Crete, daga baya aka kai shi Ceylon, wadda yanzu ake kira Sri Lanka, sannan New Guinea, inda ya kamu da zazzaɓin cizon sauro. Bayan yaƙi ya koma Magill ya sake farawa daga ƙaramin matsayi. Cikin ɗan lokaci ya hau, har a 1948, yana da shekara 33, aka naɗa shi babban mai haɗa giya.

Tafiyar Turai ta 1950

A 1950 kamfanin ya tura shi Sifaniya da Fotugal domin ya nazarci yadda ake yin Sherry da Port, tunda a nan ribar kamfanin take. A kan hanyarsa ya ratsa Bordeaux a kudu maso yammacin Faransa. Wani babban ɗan kasuwar giya na birnin, Christian Cruse, ya karɓe shi, ya zagaya da shi manyan gidajen giya na yankin, ya kuma buɗe masa kwalaben jar giya masu shekara 40 zuwa 50 waɗanda har lokacin ƙamshinsu da ɗanɗanonsu ba su gushe ba. Schubert ya lura da abubuwa biyu. Na farko, giyar da ke jure dogon ajiya tun tana sabuwa take da kauri da bauri mai yawa. Na biyu, ana rainon ta a cikin ƙananan ganguna na sabon katakon oak, ba a manyan tsofaffin randunan katako da aka saba da su a Ostareliya ba.

Ya dawo gida da niyyar yin jar giyar Ostareliya da za ta kai aƙalla shekara 20 tana ƙara kyau. Matsalarsa ita ce kayan aiki. Manyan giyoyin Bordeaux sun dogara ne ga inabin Cabernet Sauvignon da Merlot da 'yan uwansu, alhali Cabernet kaɗan ne ƙwarai a Ostareliya ta Kudu a lokacin. Abin da ke akwai a wadace shi ne Shiraz, wanda ake ɗauka a matsayin inabin yin giya mai zaƙi mai araha. Gangunan oak na Faransa ma ba su samuwa cikin sauƙi, sai na Amurka.

Yadda aka haɗa Grange

Kakar inabi a Ostareliya tana faɗowa tsakanin Fabrairu da Afrilu. A kakar 1951 Schubert ya zaɓi Shiraz daga gonar Magill da kuma wata gona a Morphett Vale, kudu da Adelaide. Ya sa aka tsinke shi bayan ya nuna sosai amma tsaminsa bai zube ba.

Ruwan yawancin inabi fari ne, ko da ɓawonsa baƙi ne. Launin jar giya yana fitowa daga ɓawon, daga wani sinadari mai suna antosayanin, dangin wanda ke ba zoɓo jan launinsa. Haka ma bauri, daga ɓawo da ƙwaya yake fitowa. Saboda haka yawan lokacin da ruwan ya yi tare da ɓawo shi ke nuna yadda giyar za ta yi duhu da ƙarfi. Schubert ya zuba matsattsen inabin a buɗaɗɗun tankunan siminti, ya danne ɓawon da allunan katako domin ya nutse cikin ruwan maimakon ya taso sama ya bushe. Ya kuma riƙa sanyaya ruwan da na'ura don tsimuwar ta tafi a hankali. Abin da aka saba gamawa cikin kwana uku ko huɗu sai ya ja shi zuwa wajen kwana 12.

Kafin yis ya gama cinye sukarin, sai ya tace ruwan ya zuba shi a sababbin ganguna biyar na oak ɗin Amurka, kowace mai cin lita 300, ya bar tsimuwar ta ƙarasa a cikinsu. Ra'ayinsa shi ne idan giya ta ƙarasa tsimuwa a cikin katako, ɗanɗanon katakon zai shige ta su zama abu ɗaya. Ya ajiye wani kaso a babbar tsohuwar randa domin kwatantawa, kuma bambancin ya fito tun a watannin farko: ta cikin sababbin gangunan ta fi ƙamshi da cika baki. Giyar ta yi wata 18 a ganga kafin a ɗura ta a kwalba. Ba a sayar da ta 1951 ba, an raba yawancinta kyauta. Ta 1952 ce ta farko da aka yi don kasuwa. A 1953 ya gwada yin wata Grange ɗin da Cabernet Sauvignon daga gonar Kalimna a Barossa, amma ƙarancin inabin ya hana a ci gaba.

Wani abin da ya bambanta tsarinsa da na Faransa shi ne gauraya. A Bordeaux da Burgundy darajar giya tana rataye ne da gona guda da aka san iyakarta. Schubert kuwa yana zaɓen inabi mafi ƙarfi daga gonaki da gundumomi daban-daban, ya haɗa su har ya sami salon da yake nema. Har yau haka ake yin Grange, da inabin Barossa da McLaren Vale da Clare da Magill da wasu wurare, kuma a yawancin shekaru ana ƙara mata ɗan Cabernet kaɗan.

Sunayen Grange, Hermitage da Shiraz

Cikakken sunan da Schubert ya sa wa giyar shi ne Grange Hermitage. Kashin farko daga sunan gidan Penfold na Magill ne. Na biyu kuma sunan wani tudu ne a arewacin kwarin kogin Rhône a Faransa, wanda ya yi suna da jar giyar inabin Syrah. A Ostareliya an daɗe ana kiran wannan inabi da suna biyu, Hermitage da Shiraz, tun bayan da James Busby ya kawo rassansa daga Turai a farkon shekarun 1830.

Kamannin sunan Shiraz da na birnin Shiraz na Iran ya haifar da labarin cewa daga Farisa aka kawo inabin. Binciken ƙwayoyin halitta da masana na jami'ar California da ke Davis suka yi tare da takwarorinsu na Montpellier a ƙarshen shekarun 1990 ya nuna cewa Syrah ɗan wasu inabai biyu ne na kudu maso gabashin Faransa, Dureza da Mondeuse Blanche. A kasuwar yau sunayen biyu sun rabu da ma'ana duk da inabin ɗaya ne: Shiraz na nuni ga salo mai kauri da nunar 'ya'yan itace irin na ƙasashe masu zafi, Syrah kuma ga salo mai sauƙi da ƙamshin masoro. An cire kalmar Hermitage daga jikin kwalbar tun daga giyar kakar 1990, saboda ƙasashen Turai sun matsa a daina amfani da sunayen yankunansu a kan giyar wasu ƙasashe.

Ɗanɗanon jar giya mai ƙarfi

Rikicin da ya biyo bayan Grange yana da alaƙa da yadda ake auna irin wannan giya. Masu ɗanɗano suna bin matakai uku: duba launi a kan farin abu, shinshina ƙamshi bayan an juya kofin, sannan kurɓa a zagaya da ita cikin baki. Alƙalan gasa ba sa haɗiyewa, tofarwa suke yi, domin suna iya bin samfuri fiye da ɗari a yini guda. A gasannin Ostareliya na zamanin Schubert maki 20 ake bayarwa: 3 na launi, 7 na ƙamshi, 10 na ɗanɗano, kuma sai giya ta kai 18.5 take samun lambar zinare.

Abubuwa huɗu ne ke sa a kira jar giya mai ƙarfi. Akwai yawan barasa, wanda a Grange ta zamanin nan yakan kai kashi 14 zuwa 14.5 cikin ɗari, yana kuma ba ta nauyi da ɗumi a baki. Akwai tsami, wanda ke hana ta zama lami. Akwai yawan ɗanɗanon 'ya'yan itace. Sai kuma tanin, sinadarin da ke kawo bauri. Tanin yana kama furotin da ke cikin miyau, sai baki ya bushe, harshe ya yi kaushi, kamar yadda ake ji idan an tauna goro ko ɗanyar kanya, ko an sha shayin da ya daɗe a kan wuta. Shi ne kuma sinadarin da ke cikin bagaruwar da majema ke jima fata da ita, inda yake kama furotin ɗin fata ya hana ta ruɓewa. Wannan ne dalilin da ya sa ake haɗa irin wannan giya da nama mai kitse, domin furotin da maiƙon abincin suna rage kaifin baurin.

A cikin kwalba, tanin da sinadaran launi suna haɗuwa da juna a hankali, wasu su kwanta a ƙasa kamar laka. Launi yana sauyawa daga shunayya mai duhu zuwa ja mai kama da jan bulo, bauri ya yi laushi, ƙamshin ɗanyun 'ya'yan itace kuma ya koma na busassu da na fata da taba. Giyar da aka yi domin dogon ajiya takan yi tsauri a shekarunta na farko. Aikin mai ɗanɗano shi ne ya gane ko akwai isasshen ɗanɗano da tsami a bayan baurin da za su rayu har ya sauka. Oak ɗin Amurka kuma ya fi na Faransa ba da ƙamshin kwakwa da banila, abin da bakin mutanen Ostareliya na 1950 bai saba da shi ba.

Yawancin kalmomin wannan sana'a aro ne daga wasu fannoni. Ana cewa giya tana da jiki, ko ƙashin baya, ko tsawo, ko ta rufe, ko ta buɗe. Masaniyar harshe Adrienne Lehrer ta nazarci wannan a littafinta Wine and Conversation na 1983, inda gwaje-gwajenta suka nuna cewa mutane kan yi amfani da kalma ɗaya alhali abin da suke nufi ya bambanta. Wannan rashin daidaito na cikin abin da ya sa Ann Noble ta jami'ar California ta tsara da'irar kalmomin ƙamshi a shekarun 1980.

Umarnin dakatarwa

Zuwa 1956 Schubert ya tara giyar kaka shida a ma'ajiyar ƙarƙashin ƙasa ta Magill, kuɗi masu yawa sun kwanta, ciniki kuma babu. Hedikwatar kamfanin da ke Sydney ta nemi a kawo samfuri. Aka shirya taron ɗanɗano wanda ya haɗa daraktoci da abokansu da sanannun masu harkar giya na birnin, aka jera musu giyoyin tun daga ta 1951. Kusan babu wanda ya yaba. Wani ya kwatanta ta da Port da aka cire wa zaƙi, wani kuma ya ce warin dakakkun tururuwa ne ya rinjayi komai a cikinta. An sake gwadawa a Adelaide, sakamakon bai canza ba.

Gab da kakar 1957 Schubert ya sami umarni a rubuce daga hukumar daraktoci, wadda Gladys Penfold Hyland ke shugabanta, cewa ya daina yin Grange. Dalilan su ne giyar ba ta sayuwa, kuma sukar da ake mata tana zubar da mutuncin kamfanin. Saɓa wa umarnin na iya jawo masa kora daga wurin da ya yi shekara 26 yana aiki. Duk da haka, da goyon bayan Jeffrey Penfold Hyland, ɗaya daga cikin iyalin masu kamfanin wanda ke cikin shugabannin reshen Ostareliya ta Kudu, ya ci gaba da yin ta kaɗan-kaɗan a 1957 da 1958 da 1959. Bai iya sayen sababbin ganguna ba, domin kuɗinsu zai bayyana a littafin lissafi, sai ya yi amfani da tsofaffi. Nisan da ke tsakanin Sydney da Adelaide, fiye da kilomita 1,000, ya taimaka wajen rufa asirin. Waɗannan uku su ne ake kira ɓoyayyun Grange.

Farfaɗowa

A cikin waɗannan shekaru giyoyin 1951 zuwa 1955 sun ci gaba da nuna a kwalba. Schubert ya riƙa kai su tarukan cin abinci na masu sha'awa, kuma wasu, ciki har da likitan tiyata na Sydney Max Lake, suka fara yaba su a fili. Da daraktoci suka sake ɗanɗanawa sai ra'ayinsu ya juya, aka ba shi izinin ci gaba a kakar 1960 tare da kuɗin sababbin ganguna. A lokacin ne ya bayyana cewa ba a taɓa tsallake shekara ko ɗaya ba, abin da ya sa jerin Grange ya zo ba yankewa daga 1951 har yau.

A 1962 Penfolds ya shigar da Grange ta 1955 gasar giya ta Sydney, ta ci lambar zinare. Kafin a daina kai ta gasa ta tara lambobin zinare fiye da 50. A 1979 Grange ta 1971 ta zo ta ɗaya a rukuninta a gasar da mujallar Gault-Millau ta shirya a Paris, inda ta kara da giyoyin Rhône.

Sauran ayyukansa

Schubert ne ya kafa jerin jajayen giyoyin Penfolds da ake kira da lambar ma'ajiyarsu. Daga ciki akwai Bin 28 ta Shiraz ɗin Kalimna wadda aka fara a 1959, da Bin 389 ta 1960 wadda ke haɗa Cabernet da Shiraz, ana kuma rainon wani kasonta a gangunan da Grange ta bari, da Bin 128 ta Coonawarra a 1962, da Bin 707 ta Cabernet a 1964. Bin 60A ta 1962, haɗin Cabernet na Coonawarra da Shiraz na Kalimna, tana cikin giyoyin da masana ke sanyawa a sahun gaba a tarihin Ostareliya. Grange kanta tana ɗauke da lambar Bin 95. Ya kuma yaɗa amfani da sanyi wajen sarrafa tsimuwa da tsaftace kayan aiki a dukkan rassan kamfanin. Ya zauna a hukumar daraktoci daga 1968 zuwa 1982.

Suka da muhawara

Ba kowa ne ya bi salonsa ba, har a cikin kamfanin. Abokin aikinsa John Davoren ya yi St Henri, wadda ita ma Shiraz ce amma ana rainon ta a manyan tsofaffin randuna ba tare da ɗanɗanon sabon katako ba, kuma an daɗe ana kwatanta su biyun. Masu sukar Grange sun riƙa nuni da yawan katako da kuma ɗan tsamin da ke tashi a hanci mai kama da na binega, wanda Schubert ya yarda da kaɗan daga cikinsa domin yana ɗaga ƙamshi. Masu ra'ayin Faransa kuma suna ganin giyar da aka haɗo daga gundumomi da yawa tana nuna hannun mai haɗawa fiye da halin ƙasar da inabin ya fito. A shekarun 1990 da 2000, lokacin da ɗan jaridar Amurka Robert Parker ke ba manyan giyoyi masu kauri maki mai yawa a ma'auninsa na 100, wasu gidajen giya na Ostareliya sun wuce gona da iri wajen barasa da katako, abin da ya jawo koma-baya ga salon daga baya.

Iyali da mutuwa

Schubert ya yi aure a lokacin yaƙi, yana da 'ya'ya biyu. Ya sauka daga muƙamin babban mai haɗa giya a 1975, Don Ditter ya gaje shi. John Duval ya karɓa a 1986, sai Peter Gago a 2002. Ko bayan ritaya yana da ofis a Magill, ana kuma neman shawararsa wajen zaɓen gangunan da za su shiga Grange. Ya daɗe yana shan taba, ciwon huhu ya kama shi a ƙarshen rayuwarsa. Ya mutu a Adelaide ranar 6 ga Maris, 1994, yana da shekara 79. A shekarar ce ɗan jarida Huon Hooke ya wallafa tarihin rayuwarsa.

Lambobin yabo

A 1984 gwamnatin Ostareliya ta ba shi lambar girmamawa ta ƙasa mai taken AM. Mujallar Decanter ta Ingila ta zaɓe shi gwarzon shekarar 1988. A 1990 ya zama mutum na farko da ya karɓi kyautar Maurice O'Shea. An sa sunansa ga mazaɓar Schubert ta majalisar dokokin Ostareliya ta Kudu, wadda ta ƙunshi kwarin Barossa, aka kuma fara zaɓe a cikinta a 1997.

Tasiri

Shekara guda bayan mutuwarsa, a 1995, mujallar Wine Spectator ta Amurka ta zaɓi Grange ta 1990 a matsayin giyar shekara. A 1999 ta sa ta 1955 cikin giyoyi 12 da ta fifita a ƙarni na 20. A 2001 hukumar kula da kayan tarihi ta Ostareliya ta Kudu ta sa Grange cikin abubuwan gadon jihar. A 2021 an sayar da kwalba guda ta 1951 a gwanjo kan fiye da dalar Ostareliya 140,000. Tun 1991 kamfanin yake shirya taruka inda masu tsofaffin kwalabe ke kawo su a buɗe, a ɗanɗana, a cike gurbin abin da ya ragu, a sa sabon toshi.

Tasirinsa ya kai ga manoma. Ƙwaron filoksera, wanda ya halaka gonakin inabin Turai a ƙarshen ƙarni na 19, bai shiga Ostareliya ta Kudu ba, shi ya sa a Barossa akwai itatuwan Shiraz da aka dasa tun shekarun 1840 kuma suna ba da 'ya'ya har yanzu. A shekarun 1980 farashin jan inabi ya faɗi har gwamnati ta riƙa biyan manoma su tumɓuke itatuwansu, aka yi asarar tsofaffin gonaki da dama. Darajar da Grange da giyoyin da suka bi sawunta suka samu a kasuwar duniya ta sa inabin waɗannan tsofaffin itatuwa ya koma mafi tsada a kwarin, kuma Shiraz ya zama inabin da aka fi nomawa a Ostareliya.